Taɓon Somme a kan teburi: tankar yaƙi ta farko da masu sake gina ta

A cikin tankokin yaƙi 150 samfurin Mark I da Birtaniya ta ƙera a shekarar 1916, guda ɗaya tak ta rage a duniya. Tana ajiye a gidan tarihin tankoki na Bovington da ke kudancin Ingila, bayan ta shafe kusan shekara hamsin a filin Hatfield rana da ruwa suna dukanta. Sauran sun tarwatse a fagen fama ko an yanka su an narkar. Saboda haka mafi yawan waɗanda suka san siffar wannan mota a yau sun san ta ne ta hanya biyu: tsoffin hotuna marasa launi, da ƙananan samfura na roba da ake saya cikin kwali a harhaɗa a gida. Hanya ta biyun tana kama da wasan yara, amma duk wanda ya ɗauki buroshi zai shafa wa irin wannan samfuri fenti ya shiga aikin masanin tarihi, ko ya sani ko bai sani ba. Dole ya yanke hukunci a kan launi, da irin ƙasar da ta manne wa ƙarfen, da yawan kwanakin da motar ta yi a duniya.

Kafin a kai ga wannan, ya kamata a san abin da ya haifi motar. Zuwa ƙarshen 1914 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsaya cik a yammacin Turai. Rundunoni sun haƙa ramuka tun daga gaɓar tekun Beljiyam har iyakar Suwizalan, sun shinge su da waya mai ƙaya, sun girke bindigogi masu aman harsashi. Duk wanda ya fito fili ya zama abin harbi. A watan Fabrairun 1915 Winston Churchill, wanda a lokacin yake shugabantar ma'aikatar sojan ruwa, ya kafa kwamitin da zai nemo “jirgin ruwan tudu”, wato mota mai sulke da za ta taka waya ta tsallake rami. Aikin ya faɗa hannun kamfanin William Foster da ke Lincoln, masu ƙera injinan noma, inda William Tritton da Walter Wilson suka fara fito da wata mota da aka laƙaba wa Little Willie. Daga bisani suka sauya fasali, suka zagaye jikin motar gaba ɗaya da sarƙa, suka ɗaga goshinta sama domin ta iya hawa ganuwa. An gwada wannan a Hatfield a farkon 1916, sojoji suka amince. Don ɓoye sirri aka riƙa cewa tankunan ruwa ake ƙerawa, sunan kuma ya bi ta har yau. Tankin da ke kan rufin gida da tankar da ke fagen yaƙi kalma ɗaya ce ta zo wa Hausa sau biyu.

An raba motocin gida biyu, 75 “maza” masu igwa biyu a gefe da gefe, 75 “mata” masu bindigogi zalla. Namiji ya kai tan 28, injin Daimler mai ƙarfin doki 105 ke jan sa, gudunsa bai wuce kilomita shida a awa ba. Mutum takwas ke ciki, huɗu daga cikinsu aikinsu tuƙi ne kawai, domin sai an haɗa hannu kafin a juya ta. Injin yana tsakiyar ɗakin babu wani shamaki, zafi kan kai digiri 50, hayaƙi mai guba yana sumar da mutane, ƙara kuma ta hana a ji magana sai dai ishara. Idan ana son aika saƙo baya, tattabara ake saki ta wata ƙaramar kafa.

Ranar 15 ga Satumban 1916 aka fara tura su yaƙi tsakanin ƙauyukan Flers da Courcelette, a tsakiyar gumurzun Somme, wanda a ranarsa ta farko kaɗai, 1 ga Yuli, Birtaniya ta rasa rayuka 19,240. Tankoki 49 aka tanada, 32 suka iya fara tafiya, da yawa daga cikinsu kuma suka lalace ko suka kafe a ramukan da bama-bamai suka bari. 'Yan kaɗan da suka isa sun tsorata Jamusawa, an kuma karɓe Flers, amma yaƙin bai sauya alkibla a ranar ba.

Mai harhaɗa samfuri yakan fara ne da abin da ya fi sauƙi. A ma'aunin 1/35, wanda ya fi yaɗuwa, motar da ta kusa mita goma tare da wutsiyarta takan koma kimanin santimita 28. Ana yanko sassa daga firam ɗinsu, a goge bakinsu da samfefa, a manna da gam mai narkar da roba. Wahalar wannan mota ita ce kawunan ƙusoshin da suka lulluɓe jikinta, ɗaruruwa, domin a wancan zamani da su ake haɗa farantan sulke, kuma guga ɗaya ta ganganci takan share layi guda. Sai sarƙa, wadda a wasu kwalaye sai an jera ta gaɓa bayan gaɓa.

Tun a nan tarihi ke fara sa baki. Mark I ta watan Satumba tana jan wutsiya mai ƙafa biyu da aka yi don taimaka wa juyi, wadda aka daina amfani da ita kafin shekarar ta ƙare. Wasu suna ɗauke da rufin katako da ragar waya don gurneti ya gangaro ƙasa, wasu babu. Kamfanonin da ke yin samfuran ma sun yi tuntuɓe. Wanda Airfix ya fitar a ƙarshen shekarun 1960 da sunan Mark I ya gauraya siffofinta da na Mark II, saboda motar da ke Bovington a lokacin Mark II ce da aka ɗaura wa wutsiya. Yara masu yawa sun girma da wannan siffa a zuciyarsu. Sai da cikar yaƙin shekara ɗari ta zo, a 2014 da bayanta, kamfanoni irin su Tamiya da Takom suka fito da sababbin samfuran tankokin wancan yaƙi da suka fi kusa da asali.

Launi ya fi wannan rikitarwa. Wani mai zane na Landan, Solomon J. Solomon, shi aka ɗora wa tsara fentin ɓad-da-kama na tankokin farko, dabbare-dabbare masu launuka da dama, ma'aikatan kowace mota kuma suka kwaikwaya gwargwadon hannunsu. Hotunan da suka rage, ciki har da sanannen hoton da Ernest Brooks ya ɗauka kusa da Thiepval a ƙarshen Satumban 1916, an ɗauke su ne da fim ɗin da ba ya ganin ja. A irin wannan fim ja da rawaya sukan fito da duhu, shuɗi kuma ya fito da haske. Wanda ya dubi hoton ya ce wuri mai duhu fenti mai duhu ne yana iya juya gaskiya a kife. Ɓad-da-kamar ma ba ta daɗe ba, domin taɓo ya rufe ta, aka koma shafa ruwan ƙasa bai ɗaya. Ratsin fari da ja da fari da ake gani a goshin wasu tankoki na 1918 ne, lokacin da Jamusawa suka fara yaƙi da tankokin Birtaniya da suka kama. Sa shi a kan motar 1916 kuskuren shekara biyu ne.

Mataki na ƙarshe shi ne tsufar da samfurin, kuma a nan gwanaye suka fi saɓani. Dabarun sanannu ne. Ana tsarma fentin mai da tina ya zama kamar ruwan shayi, a bar shi ya gangara cikin lunguna da kewayen ƙusoshi don ya yi inuwa. Ana goge buroshi har ya kusa bushewa, a shafa shi kan gefuna don su yi haske. Ana dangwala soso don kwaikwayon fentin da ya ɓare, a kwaɓa garin launi da filasta a yi taɓo. Sheperd Paine a Amurka da François Verlinden a Beljiyam sun yaɗa irin wannan aiki tun shekarun 1970, bayansu kuma wani salo ya taso daga Sifaniya mai son tsatsa da ɓarewar fenti sosai, saboda suna kyau a hoto.

Matsalar ita ce tsatsa tana ba da labarin shekaru, alhali tankokin Flers makonni ko 'yan watanni suka yi da barin masana'anta. Abin da ya dace da su shi ne ƙarfe mai sheƙi inda sarƙa ke guga, da maiƙo, da kunkunniya a kan rufi, domin hayaƙin Mark I ta kafofin rufi yake fita babu salansa. Ƙasar ma tana da adireshi. Yankin Somme alli ne a ƙarƙashi, taɓonsa yakan bushe da fari-fari. Na Flanders, inda Mark IV ta nutse a 1917, yumɓu ne mai nauyi da danƙo. Tankoki takwas da aka kai Falasɗinu suka shiga yaƙin Gaza na biyu a Afrilun 1917 kuwa ƙura da yashi suka sha. Mai samfurin da ya shafa baƙin taɓo a kan motar Gaza ya ɗauke ta daga nahiya zuwa nahiya.

Wannan takatsantsan yana da dalili da ya wuce burge alƙalan gasa. Motar da aka lulluɓe da tsatsa tana kama da kufai, abin da ya mutu tuntuni babu kowa ciki, kuma hakan yana kawar da ido daga matasan da suka zauna a cikinta tana sabuwa, da horon 'yan makonni, tankin fetur yana gefen kawunansu. A 1998 aka tono wata Mark IV mai suna Deborah a ƙauyen Flesquières, inda aka binne ta bayan yaƙin Cambrai na Nuwamban 1917, wanda tankoki fiye da 470 suka shiga. Yau tana baje a can da ramukan harsasai a jikinta da tsatsar shekara tamanin a ƙarƙashin ƙasa. Wasu daga cikin mutanenta suna kwance a maƙabartar sojoji da ke kusa. Wanda ke son yin samfurin tanka mai tsatsa, ita ce ta dace ya kwaikwaya, kuma ya rubuta 1998 a ƙarƙashinta.