Daga wayar birkin keke zuwa Squier: yadda jita mai araha ta iso arewacin Gobir

Duk wanda ya tashi a Kurawa ko Isa ko Sabon Birni, in aka ce kiɗa, kotso ne zai fara faɗo masa a rai, domin nan ce ƙasar Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir Amadu na Isa. Jita mai aiki da lantarki kuwa baƙuwa ce, galibi a wayar matafiyan da suka gangaro daga Tawa ko Agadas ake jin kukanta. Amma baƙuwar tana da tarihi a wannan yanki fiye da yadda ake zato, kuma tarihin yana warware wata gardama da ake yi a duk kasuwar kayan kiɗa: shin wanda ya sayi sabuwar jita mai araha da aka ƙera bisa fasalin tsohuwa ya sayi kayan kiɗa ne, ko hoton kayan kiɗa? Abin da na gani a tarihi shi ne, irin wannan jitar mai araha, da ma wadda ba ta kai ta ba, ita ce ta gina kiɗan jita a Sahel baki ɗaya. Tsohuwar ta asali da masu kuɗi ke rububi ba ta taka rawar a-zo-a-gani ba.

A fara da ita ta asalin. Leo Fender, wanda ya fitar da jitar da aka sa wa suna Telecaster a 1951, sannan Stratocaster a 1954, mai gyaran rediyo ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma bai iya kaɗa jita ba. Tunanin bakanike ya yi. Maimakon akwatin katako mai rami a ciki, wanda sai gwanin kafinta ke iya haɗawa, sai ya yanko falange guda, ya ɗaura masa wuya da noti huɗu, yadda in wuyan ya lalace a kwance a sa wani. A ƙarƙashin tsirkiya shida ya jera ƙananan maganaɗisu da aka naɗe da wayar tagulla siririya kamar gashi. Tsirkiyar ƙarfe na kaɗawa, sai lantarki kaɗan ya motsa a cikin wayar, ya bi igiya zuwa amfilifaya, lasifika ta mayar da shi amo. Ke nan ba katakon ne ke yin ƙara ba, yadda ƙoƙon kukuma ke yi. An ƙirƙiro abin ne don masana'anta ta buga da yawa, makaɗin mashaya ya iya saya. Tsadar daga baya ta zo, bayan Fender ya sayar da kamfanin ga CBS a 1965, makaɗa suka fara cewa na da sun fi na yanzu. Da haka har aka kai ga sayar da baƙar Stratocaster ta makaɗin jita David Gilmour a gwanjo a 2019 kan kusan dala miliyan huɗu. Wanda ya biya wannan kuɗi sunan mai ita ya saya, ba amonta ba.

Japanawa ne suka karya lagon wannan tsada. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanoni irin su Tokai da Greco suka riƙa kwaikwayon tsofaffin Fender da kyau har abin ya dami masu asalin sunan. Da kamfanin Fender ya ga ba sarki sai Allah, sai ya kafa reshe a Japan a 1982, ya fara fitar da jita mai suna Squier, kuma na farkon an ƙera su ne bisa fasalin na 1957 da 1962. Daga baya aikin ya koma Koriya da Sin da Indonusiya, farashi ya ƙara faɗuwa. Kamfanin jita na Gibson ma haka ya yi da sunan Epiphone. Ya kamata a bambanta wannan da jabu. Jabu shi ne a manna sunan wani a kan kayan da ba nasa ba don a cuci mai saye. Squier kuwa ta faɗi sunanta da inda aka yi ta a jikinta, ba ta yaudari kowa ba.

To, a nan gida fa? Bahaushe bai taɓa tambayar shekarar da aka sassaƙa kayan kiɗa ba. Kukuma ƙoƙo ce da fata da izgar doki, a goga mata ƙaro ta yi kuka. In ƙoƙon ya fashe a nemo wani a kasuwa. Garayar da Kassu Zurmi ya riƙa zuga mafarauta da 'yan tauri da ita tsirkiya biyu ce kawai. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya zaga duniya da shi kafin rasuwarsa a 2015, irin wanda ake yi da gwangwanin kifi ne a rufe da fata, tsirkiya ɗaya tal. Shi kansa kotson fada, fatarsa na tsufa a sake, ba wanda ya ce darajar Bakandamiyar Narambaɗa ta ragu don an canza fata. A wannan al'ada kowane kayan kiɗa maimaicin na gabansa ne, daga uba zuwa ɗa, kuma da hannun makaɗi ake auna shi.

Buzaye, maƙwabtan Gobirawa tun zamanin da ake cewa Gobirawan na zaune a Azbin, a kan wannan turba suka karɓi jita. Ibrahim Ag Alhabib, jagoran ƙungiyar Tinariwen ta Mali, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, ƙungiyar kuma ta ci kyautar Grammy a 2012. A Nijar, Abdallah Oumbadougou ya buɗe hanya, Bombino na Agadas ya biyo, kiɗan yana yaɗuwa ta kaset ɗin da aka kwafa daga kaset. Mdou Moctar, Buzu daga yankin Tawa, bahago ne, shi ma da katako da wayar keke ya fara. Abin da ya fi shafar mu shi ne, kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar kwamfuta da waƙoƙin finafinan Hausa suka saba da shi. Waƙoƙin ba su bi ta kanti ba. Daga waya zuwa waya suka riƙa tsallaka iyaka ta Bluetooth da katin memori, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinto ɗaya ya sa a tarin da ya fitar a 2011. Fender ta gaske ta zo hannun waɗannan mutane ne bayan sun yi suna, ba ita ta yi musu sunan ba.

Mai ja zai ce araha ba ta ado, kuma kama da wane ba ta wane. Yana da gaskiya ta wani ɓangare, bai kamata a share ta ba. Jita mai araha takan zo da makunnan ɗaure tsirkiya masu saki, a saita ta yanzu, kafin a gama waƙa biyu ta kauce. Wayoyin cikinta sukan yi gunji, musamman in da janareta ake aiki. Katakon da bai gama bushewa ba kuwa, hunturun Gobir ba ya raga masa: wuya ya ƙanƙance, bakin ƙarafan da ke jere a kansa su fito suna kartar yatsa. Sai dai a duba waɗannan aibobi ɗaya bayan ɗaya, duk masu gyaruwa ne. Makunni a sake su, bakin ƙarfe a goge da zarto mai laushi, wuya a miƙe shi da sandar ƙarfen da ke cikinsa, waya kuma duk mai gyaran rediyo a kasuwar Sabon Birni da ke da dalma zai iya like ta, tunda ɗan'uwansa a sana'a ne ya zana abin tun farko. Tsohuwar 1957 ma ba ta fi ƙarfin zafi da ƙura ba. Bambancin kawai, in ta tsage an yi asarar dukiya, ba wanda zai yarda ya ɗora ta a bayan babur zuwa gidan biki.

Ja na biyu ya fi nauyi: in araha ce ke kawo kiɗa, me ya sa jita ba ta kafu a tsakanin Hausawan Gobir ba kamar yadda ta kafu a Agadas? Ai Bala Miller ya gwada kiɗan zamani da Hausa tun shekarun 1970, Tal National ta Yamai ma tana waƙa da Hausa a kan jita. Amsar tana cikin yanayin waƙar Hausa, inda magana ce sarauniya, kiɗa ɗan rakiya, ga kuma kallon da ake yi wa roƙo a matsayin sana'ar gado. Da zamani ya zo, fiyanon Yamaha matasan Kano suka runguma, domin mutum ɗaya zai fitar da amon kalangu da algaita da sarewa daga akwati guda. Wannan bai rushe hujjar ba, ƙarfafa ta ya yi: a nan ma na'ura mai araha da ke kwaikwayon ta asali ce ta yi nasara. Yau kuma, da 'yan bindiga suka takura wa taron biki da cin kasuwa a Isa da Sabon Birni, ba tsadar kayan kiɗa ce babbar matsalar makaɗi ba, filin da zai yi kiɗan ne.

Saboda haka matashin da ya tara 'yan kuɗinsa yana son jita, kada kunyar sunan Squier ko Epiphone ta hana shi. Ya ɗaga ta ya hango wuyan daga kai zuwa gindi ya ga ko ya miƙe, ya danna kowane gurbi ya ji ko yana zuza, ya jona ta da amfilifaya a gaban mai kanti kafin ya biya. Ya kuma rage wani abu na sayen tsirkiya, domin ita ce ke tsinkewa, kuma ba a Kurawa ake sayar da ita ba.