Tsuntsun Brancusi a Gaban Kotu: Nazari kan Ma'aunin Aikin Fasaha

Tambayar abin da ke sa a kira abu aikin fasaha ta taɓa kaiwa gaban alƙalai a Amurka, kuma haraji ne ya kai ta. A watan Oktoban 1926 wasu ayyukan Constantin Brancusi, masassaƙi ɗan Romaniya mazaunin Faris, suka sauka a tashar jiragen ruwa ta New York. A cikinsu akwai wanda ya raɗa wa suna Tsuntsu a Sararin Sama, mallakin mai ɗaukar hoto Edward Steichen. Tagulla ce siririya da ta ɗara mita ɗaya, ta ɗan cika a tsakiya, ta tsuke a sama, an goge ta har tana ɗaukar ido. Ba baki, ba fuka-fuki, ba gashi.

Dokar lokacin ta yafe wa ayyukan fasaha haraji, amma jami'an kwastam suka sanya wannan a sahun ƙerarrun kayan ƙarfe, suka ɗora mata kashi 40 cikin ɗari na ƙimarta. Suna da madogara. Wani hukunci na 1916, a shari'ar Olivotti, ya ce sai sassaƙa ta kwaikwayi abin da ke cikin halitta kafin a ɗauke ta fasaha. Wannan tsohon ra'ayi ne da tushensa ke komawa ga Aflaton da Aristotal.

Brancusi ya shigar da ƙara, aka fara sauraro a 1927. Masassaƙi Jacob Epstein ya tsaya masa, takwaransa Robert Aitken kuma ya ba da shaida a ɓangaren gwamnati. A watan Nuwamban 1928 kotu ta ba Brancusi gaskiya, tana mai cewa wata sabuwar mazhaba ta bayyana wadda ke neman nuna tunani maimakon kamannin abu, kuma ko alƙalai sun gamsu da ita ko ba su gamsu ba, dole a yi la'akari da ita.

Muhimmancin hukuncin shi ne ya sauya wurin da ake neman amsa. A da ana gwada aiki da tsuntsun gaske. Yanzu ana tambayar wanda ya yi shi da abin da masana suka ce. Wannan tunanin ne masanin falsafa Arthur Danto ya faɗaɗa a 1964, takwaransa George Dickie kuma ya mayar da shi mazhaba a 1974, yana mai cewa duniyar masu fasaha ce ke ba abu wannan matsayi.

Mazhabar Dickie tana da rauni a fili. Idan masana ne ke tantancewa, tilas suna da dalilan da suke dubawa, kuma waɗannan dalilan ne ya kamata bincike ya bi. Kotun 1928 ba ta tsaya ga shaidar masana kaɗai ba. Ta ambaci kyawun tagullar da daidaiton siffarta, ta kuma tabbatar da cewa ƙwararren masassaƙi ne ya samar da ita, ba masana'anta ba.