Tarihin Citta Mai Yatsu

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Ni kaina na daɗe kwance a kan irin wannan dami. Tun ina ƙarami ake aike na bakin kasuwa sayen citta, amma ban taɓa tambayar inda ta fito ba, ban kuma taɓa ganin ganyenta ba, balle furenta. Sai a ƙarshen shekarar 2023, da na je hutu gida, na tarar mahaifiyata tana dama kunu babu citta, tana cewa abin da a da ake ba ta gyara, yanzu shi ne ake sayar mata da tsada. Da muka koma makaranta na ba wani abokin karatuna labari, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Kaciya. Ya yi shiru, sannan ya ce da kuɗin citta ake biya masa kuɗin makaranta, kuma bana gonarsu ta ruɓe ƙurmus.

Wannan shi ne dalilin rubuta wannan ɗan taƙaitaccen tarihi. Zan yi ƙoƙarin nuna wa mai karatu asalin citta, da yadda ta iso mu, da yadda ake renonta, da kuma abin da ya same ta.

Asalinta da Yawonta

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, citta tana fure amma da wuya ta yi ƙwaya. Saboda haka ba a shuka ta kamar gero ko dawa. Saiwar nan mai yatsu da muke dakawa, ita ake gutsurawa a binne ta tsiro. Ke nan duk cittar da ke cikin kwandon mai kayan yaji, yanki ce ta wata cittar da ta gabace ta, ita ma yanki ce ta wata, har a dangana da dubban shekaru. Iska ba ta ɗauke ta, tsuntsu bai kai ta ko'ina ba. Duk ƙasar da aka gan ta, to wani ne ya ɗauko ta da hannunsa, ya hana ta bushewa a hanya.

Masana sun tafi a kan cewa asalinta daga kudu maso gabashin Asiya ne, daga nan ta bazu zuwa Indiya da Sin. Fatake suka riƙa kai busasshiyarta yamma ta Bahar Maliya. A ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa, wani likitan Girka mai suna Diyoskoridis ya rubuta cewa tana ɗumama jiki tana taimakon narkewar abinci. Shi a zatonsa a ƙasar Larabawa take tsirowa, domin daga hannunsu take fitowa. Larabawa suna kiran ta zanjabil, kuma an ambace ta da wannan suna a Suratul Insan, aya ta 17, cikin bayanin abin shan Aljanna. A ƙarni na 14, Ibn Batuta ya ba da labarin yawanta a gaɓar Malabar ta Indiya. Shi ne matafiyin nan da ya biyo ta Takadda, yamma da Agadas, a shekarar 1353. A ƙarni na 16 kuma, Turawan Sifen suka kai irinta tsibiran Jamaika da maƙwabtansu, na Fotugal suka kawo gaɓar Afirka ta Yamma.

Abin da Sunanta Ke Gaya Mana

A nan ɗalibin harshe yana da abin cewa. Bahaushe yana da citta iri biyu. Akwai citta mai ƙwaya, wadda 'ya'yanta ke cikin kwanso, ita kuwa 'yar asalin kurmin Afirka ta Yamma ce. Akwai kuma citta mai yatsu, wadda muke magana a kanta. Dangi ɗaya suke a wajen masana tsirrai, ƙamshinsu da zafinsu ma sun yi kusa. A ganina Bahaushe ya riga sanin mai ƙwaya, da baƙuwar ta zo sai ya ara mata sunan 'yar gida, ya bambanta su da siffa.

Har ila yau tsofaffi suna da wasu sunaye biyu. Na farko sakanjabir, wanda ko ba a faɗa ba an san zanjabil ne ya sha bakin Bahaushe. Na biyu cittar Aho. Aho kuwa, ko Afo, al'umma ce da ke zaune a ƙasar Nasarawa. Idan muka jera sunayen nan za mu hango hanyoyi biyu: ɗaya ta arewa, wadda ta kawo suna da ilimin magani a littattafan malamai, ɗaya ta kudu, wadda ta kawo ita kanta saiwar a kan jakunan fatake. Ƙasar Hausa ta tsakiya ba ta da isasshen ruwan da citta ke so, don haka Bahaushe ya zama mai saye da sayarwa, maƙwabtansa na kudu suka zama manoma.

Ta shiga abincinmu har ta zama 'yar gida. Tana cikin fura da kunu da zoɓo da shayi, tana cikin yajin tsire da kilishi, tare da 'yan'uwanta kanumfari da masoro da kimba. Ba a haɗa yajin mai jego babu ita. Ana shan ta don mura da tari da kumburin ciki, kuma binciken likitocin zamani ya nuna tana rage tashin zuciya. Iyayenmu mata sun san busasshiya ta fi ɗanya zafi, kuma gaskiyarsu ne, domin sinadarin da ke cikinta yakan rikiɗe ya ƙara kaifi idan ta bushe.

Zamanin Turawa

Noman citta don sayarwa waje ya kankama a kudancin Lardin Zazzau wajen shekarar 1927. Turawan mulki suna neman amfanin gonar da zai kawo wa mutanen wannan yanki kuɗi, kamar yadda gyaɗa ta yi a Kano, auduga ta yi a arewacin Zazzau da Katsina. Ba sai an faɗa ba, mai kuɗi a hannu shi ke iya biyan haraji. A wannan tsakani ne kuma layin dogo ya ratsa Kafancan, aka sami hanyar kai kaya bakin teku. Tun daga nan citta ta kafu a Kaciya da Kwoi da Kagarko da Jama'a da Zangon Katab. Kafin 2023 Nijeriya tana sahun gaba cikin ƙasashen duniya masu noman citta, mafi yawanta kuma daga Jihar Kaduna.

Iri biyu aka fi nomawa, kuma sunayensu na Hausa ne: Tafin Giwa, mai kauri da launin rawaya, da Yatsun Biri, sirara mai duhu. Har a takardun masu bincike da waɗannan sunaye ake kiran su. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa Hausa ce harshen kasuwar citta.

Yadda Ake Renonta

A hutun da ya biyo baya na bi abokina garinsu, mahaifiyarsa ta zama malamata. Ga abin da ta koya mini.

Citta tana son ƙasa mai laushi da taki, wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Da saukar ruwan farko, watan Afrilu zuwa Mayu, sai a fito da iri a gutsuttsura, kowane yanki da ido ɗaya ko biyu, domin ta idon take tsirowa. A binne shi ba da zurfi ba, tsakanin wannan da wancan kamar taƙi guda. Nan da nan sai a lulluɓe gonar da busasshiyar ciyawa ko ganye, don kada rana ta ƙona irin, kada kuma laima ta gudu. Ta ce wanda ya yi ƙyuyar lulluɓi ya yi wa rana noma. Bayan 'yan makonni sai tsiro ya huda ciyawar, da ganye sirara kamar na kara, ya tashi har ya kusa ƙugu. Ciyawar da ta fito da hannu ake cire ta, gama fartanya takan sari yatsun da ke kwance kusa da fuskar ƙasa.

Bayan wata takwas ko tara, ganye ya yi rawaya ya kwanta, sai a haƙe. A tsaga kowace saiwa biyu a tsaye, a shanya a kan duwatsu, iskar hunturu ta busar da ita. Amma kafin a sayar da ko ƙwaya ɗaya, sai an ware na iri, mafi ƙoshi da lafiya, an adana a inuwa ko an bar shi cikin ƙasa a lulluɓe. Ba a kuma maimaita gona ɗaya shekara da shekara.

Citta ba ta mutuwa da ƙarewar damina. In an ƙyale ta a ƙasa, ganyen ne kawai ke bushewa, ita tana nan kwance har ruwa ya dawo. A bayan ɗakin wannan baiwar Allah, inda ta bar wasu tushiyoyi ba ta haƙe ba, na fara ganin furen citta. Kara ne daban ya fito daga saiwar, da kai kamar ɗan goyon masara, kore, furanni ƙanana masu ruwan ɗorawa suna leƙowa, kowanne da leɓe shuɗi-ja. Na tambaye ta, "Mama, ina 'ya'yansa?" Ta yi dariya ta ce ado ne kawai, 'ya'yan suna ƙarƙashin ƙasa.

Annobar 2023

A tsakiyar daminar 2023 wata cuta irin ta fumfuna ta faɗa wa gonakin kudancin Kaduna. Ganye ya yi rawaya tun lokaci bai yi ba, in an tona sai a tarar saiwa ta ruɓe tana wari. Gwamnatin tarayya ta ƙiyasta asarar da ta haura naira biliyan 12. Amma babbar asarar ita ce ta iri. Manomin gero in ya yi asara, mudu ɗaya ya ishe shi ya sake farawa. Manomin citta kuwa irinsa shi ne amfanin nasa, buhu-buhu yake bukata, in ya ruɓe har shekara mai zuwa ta tafi. Daɗin daɗawa, tun da kowace citta yanki ce ta uwarta, gonakin yankin duka kusan jini ɗaya ne, cutar da ta iya da ɗaya ta iya da saura. Halin nan da ya kawo citta daga Asiya ba ta sāke ba, shi ne ya zama tsagar bangon da ƙadangare ya shiga.

Gonar su abokina ta tafi, amma 'yan tushiyoyin bayan ɗaki sun tsira, da su suka sake somawa kaɗan-kaɗan.

Kammalawa

Mun saba in an ce tarihi sai mu tuna da sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ga tarihin da ke cikin turmin kowane gida, wanda talakawa suka riƙe da hannuwansu, amma kaɗan daga cikinsa aka rubuta da Hausa. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman na wannan ƙungiya tamu, duk wanda ya je hutu ya zauna da tsofaffi ya rubuta sunayen tsirrai da yadda ake renonsu, tun masu sanin suna raye.

Da zan taho, Mama ta ba ni yatsa ɗaya mai ido biyu, ta ce kada in bari rana ta gan shi. Na binne shi a wani tsohon bokiti mai huji a tsakar gidanmu, na lulluɓe da ciyawa. Mahaifiyata ce ke ba shi ruwa in ina makaranta, kuma mun yi alkawari ba za a daka shi ba sai ya ba da iri.