Alanis Obomsawin: Zabiyar da ta Koma Ɗaukar Fim

 Yau filin namu zai leƙa ƙasar Kanada, mu ji tarihin wata baiwar Allah mai suna Alanis Obomsawin, wadda ta fara da waƙa, daga baya ta yi suna wajen shirya finafinan gaskiya, irin waɗanda babu wasan kwaikwayo a cikinsu.

An haife ta a 1932 a Amurka, amma ta tashi a ƙauyen Odanak da ke lardin Kebek na Kanada. 'Yar ƙabilar Abenaki ce, cikin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Tana ƙarama ta sha tatsuniyoyi da waƙoƙin gargajiya a bakin dattawa. Tana shekara 9 iyayenta suka koma birni, inda ta zama ita kaɗai 'yar asalin ƙasa a ajinsu. Yara suka riƙa dukanta, littafin tarihi kuma yana kiran kakanninta mutanen daji.

To, wannan takaicin ne ya sa ta ɗauki ganga. Daga 1960 ta shiga zagaya makarantu da gidajen kurkuku tana waƙa, tana ba da tarihin mutanenta yadda yake. Da kogin ƙauyensu ya gurɓace, aka kuma hana yaransu wanka a wurin ninkaya na garin maƙwabta, da kuɗin waƙa ta tara abin da aka gina musu nasu. Wannan ya sa gidan talabijin ya yi shiri a kanta, hukumar finafinai ta Kanada ta gani, ta gayyato ta aiki a 1967.

Ga abin da nake so mu lura da shi. Ita ba ta fara zuwa wa mutane da kyamara. Rakoda take ɗauka, ta zauna da mutum awa da awanni tana saurare, sai ta fahimci labarin sannan a zo ɗaukar hoto. Fim ɗinta na farko, a 1971, muryoyin yara ne da zanen da suka yi da hannunsu, yaran wata makarantar kwana a Moose Factory.

A 1990 hukumar garin Oka ta so faɗaɗa filin wasan golf zuwa cikin ƙasar ƙabilar Mohawk, inda maƙabartarsu take. Mutane suka tare hanya, aka turo 'yan sanda, sannan sojoji. Kwana 78 ana zaman ɗar-ɗar, har ɗan sanda guda ya rasa ransa. Alanis, tana da shekara kusan 58, ta shiga ta zauna tare da waɗanda aka yi wa ƙawanya. Fim ɗin da ta fitar a 1993, mai suna Kanehsatake, ya sa duniya ta ji maganar daga bakin masu ƙasar, musamman matansu. Gaba ɗaya ta shirya finafinai sama da 50.

'Yan uwa, mu da rediyo ke zaman abokin hirarmu a tsakar gida mun san darajar kunne. Akwai tsohuwa a gidanku mai waƙar niƙa ko ta daka, mai tarihin zuri'a a ka? Ki zauna kusa da ita, ki saurara, in da hali ki ɗauka a waya tun tana raye.

Sai wani makon in Allah ya kai mu. A huta lafiya.