Daga Kuɗin Laraba zuwa Takardar Sakamako

A ƙasar Baure, tun kafin a san aji da benci, iyaye suna da hanyar sanin inda karatun ɗansu ya kai. Allo ne mai ba da labari. Yaro ya dawo, uba ya duba: har yanzu babbaƙu yake, ko ya shiga farfaru? An wanke allon, ko rubutun makon jiya ne ya bushe a kai? Ran Laraba uwa ta damƙa masa kuɗin laraba, gaisuwar malam ta dawo tare da shi, in da ƙorafi ya biyo baya. Malamin kuma ba baƙo ba ne, sahunsu ɗaya da uban a masallaci. Ranar sauka kuwa, allon zayyana ya isa sanarwa ga unguwa duka.

Boko bai shigo ta wannan ƙofa ba. Bayan Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawar Kano a 1909, makarantun En'e suka riƙa samun ɗalibai ta hannun sarauta: hakimi ya faɗa wa dagaci, dagaci ya faɗa wa mai unguwa, a kawo yara. Dattawanmu suna ba da labarin waɗanda aka ɓoye a rumbu. Uban da aka karɓe wa ɗa da ƙarfi ba zai je tambayar abin da aka koya yau ba.

A Satumban 1976 gwamnatin Obasanjo ta buɗe firamare kyauta ga kowa, azuzuwa suka bazu har ƙauyukan bakin iyakar Nijar. Ni da na riƙe aji ɗaya a shekarun da suka biyo baya, na haddace tsarin yinin: shara, asambuli, duban farce, kiran suna, a buɗe Ka Koyi Karatu, a yi ƙirga da tsakuwa, a fita tara. Duk wannan ba abin da yake isa gida sai takardar ƙarshen zango, da Turanci da jan biro. Mutumin da yake karanta ajami kamar ruwa sai ya nemi ɗan maƙwabta ya fassara masa. A nan tambayar iyaye ta tsuke ta koma guda: "Na nawa ka zo?" A ganina babbar asara ce, don yaro yana iya zuwa na uku bai iya haɗa baƙi da wasali ba.

Da damina ma ba takarda ake aikawa ba. In noman gero ya kwashe rabin aji, hedimasta da ƙafarsa yake zuwa ƙofar mai unguwa.

An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004, daga baya aka kafa kwamitocin makaranta da kujerun iyaye a ciki. Yanzu wasu malaman har hoton aikin aji suke turawa ta WhatsApp. Sai dai wayar tana aljihun maigida, taron kwamitin ma maza suka fi cika shi, alhali mai buɗe jakar yaron da yamma tana cikin gida.