Gwaji 128 a Kan Faranti Ɗaya

Yau zan ɗauke ku zuwa ɗakunan bincike na Turai da Amurka, kan wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: idan kana neman sabon sinadari amma ba ka san haɗin da zai ba ka shi ba, ya za ka yi?

Mu fara daga 1911. A birnin Leiden na ƙasar Holan, Heike Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba har kusan digiri 269 ƙasa da sifili, sai ya ga lantarki na ratsa ta babu wata turjiya. Irin wannan abu ake kira sufakondakta. Wayar da aka yi da shi ba ta zafi, ba ta ɓarnar wuta a hanya. Matsalar dai sanyin, don samar da shi akwai tsadar gaske.

A 1986 Georg Bednorz da Alex Müller na ɗakin binciken IBM da ke kusa da Zurich suka haɗa lantanom, bariyom, tagulla da iskar oksijin, abin ya fito kamar tangaran, ya kuma yi aiki a wajen digiri 238 ƙasa da sifili. Shekara na zagayowa suka karɓi Nobel. A 1987 ɗin ne ayarin Paul Chu da Maw-Kuen Wu suka sa itiriyom a gurbin lantanom, suka kai digiri 180 ƙasa da sifili. Wannan kam ruwan naitirojin ma ya isa ya sanyaya shi, ga shi da araha.

To fa, kowa ya bazama. Amma ya ake gwajin? A auna gari, a niƙa, a gasa a tanderu, a jira, a gwada. Haɗi ɗaya bayan ɗaya. Da sinadarai huɗu ko biyar, haɗe-haɗen da za su yiwu sun fi ƙarfin rayuwar mutum.

A nan ne nake jin tausayin wani bawan Allah, Joseph Hanak na kamfanin RCA. Tun 1970 ya wallafa shawarar a fesa sinadarai daga kusurwoyi daban-daban kan faranti guda, ta yadda kowane wuri zai samu nasa gwargwadon. Ba a kula shi sosai ba. Kwamfutocin lokacin ba su kai su tattara wannan ɗimbin sakamako ba. Ni a ganina sammako ya yi, ya tarar kasuwa ba ta ci ba.

Sai 1995 Xiao-Dong Xiang da Peter Schultz na Berkeley suka dawo da zancen a mujallar Science, suna koyi da masu haɗa magunguna. Ku tuna yadda mai ƙunshi ke liƙa salatif kafin ta sa lalle. Haka suke ɗora faifai mai ramuka, su fesa sinadari, su canja faifan, su fesa wani. Kowane zagaye yana ninka adadin haɗin sau biyu, zagaye bakwai ya ba ka 128 a kan ɗan faranti. Sannan a gasa, a bi su ana aunawa.

Sai dai in faɗa muku gaskiya, sufakondaktocin da suka fito a wannan gwaji sanannu ne, an riga an gano su da hannu. Hujja ce kawai cewa hanyar na aiki. Sababbin abubuwan ta wasu ƙofofi suka ɓullo: a shekarar suka gano wasu haɗe-haɗen kobalt da maganaɗisu ke sauya musu turjiyar lantarki ƙwarai, sannan kamfanin Symyx, wanda Schultz na cikin waɗanda suka kafa shi, ya tace haɗi kusan 25,000 yana neman sinadarai masu fitar da haske. Shi kuwa wanda zai yi aiki a zafin ɗakinku ba tare da sanyi ko matsi ba, har yau ana nema.