Tantance Ayyukan Agajin Ƙasa da Ƙasa

Tantance ayyukan agaji shi ne bin diddigin taimakon da ake kaiwa inda bala'i ya afku, domin a gano ko ya isa hannun mabuƙata, ko ya zo a kan kari, da ko ya rage mace-mace. Fannin ya kankama ne bayan kisan ƙare dangin Ruwanda na 1994, lokacin da binciken haɗin gwiwa na 1996 ya fallasa rashin tsari tsakanin ƙungiyoyin agaji. A 1997 aka kafa ƙungiyar ALNAP da shirin Sphere, wanda ya gindaya ma'aunai kamar lita 15 na ruwa ga kowane mutum a rana.

Misali, Jihar Kebbi na cikin jihohi biyu na Najeriya, ita da Gwambe, da aka fara jinyar tamowa a cikin al'umma a 2009 da tallafin UNICEF. A ma'aunin Sphere, irin wannan shiri ya yi nasara idan sama da kashi 75 cikin ɗari na yara suka warke, mace-mace ba su kai kashi 10 ba, masu daina zuwa kuma ba su kai kashi 15 ba. Sai dai waɗannan alƙaluma na yaran da aka rubuta sunansu ne kaɗai. A ƙaramar hukumar Bagudo, wadda Kogin Neja ya ratsa, garuruwa irin su Illo, Lolo da Tsamiya suna wajen iyakar Benin, jama'a kuma na kai-komo tsakanin ƙasashen biyu. Yaron da ambaliya ko nisa ya hana uwarsa kawo shi awon dantse na gano tamowa ba ya shiga lissafi. Asibiti na iya cika ma'auni tsaf alhali ƙauyukan gefensa ba su amfana ba. Shi ya sa ƙwararru ke bin gida-gida don gano adadin waɗanda aka bari.

Lokaci ma ma'auni ne. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa a fadamun Kebbi, har da na Bagudo. Irin shukar da bai riski manomi kafin noman rani ba, ko an raba shi, bai biya buƙata ba. A yunwar Nijar ta 2005, wadda ta fi tsanani a Maraɗi da Damagaram, an yi ta sayar da hatsi da rangwame ga waɗanda ba su da ko sisi. Rabon abinci kyauta bai kankama ba sai watan Agusta, bayan tamowa ta riga ta kwantar da dubban yara.